Satar Jimla Uku

Kofi na huɗu ke nan na ruwan ƙanƙara, amma muryar ta ƙi tafiya. Tafinta ya ajiye kofin a kan firij, ya gyara tsayuwa, ya gwada.

"Aaa."

Tas ta fito, kamar ta mai shela.

"Ƙara ɗaya," matarsa ta ce daga bakin ƙofar kicin. Tana ɗaure wa autarsu igiyar takalmi, ba ta ko ɗago ba. "In ya ƙi, ka shiga firij ɗin gaba ɗaya in rufe ka."

"Zafi nake ji."

"Da ƙarfe shida na safe."

Ya sake tsiyayawa, haƙoransa suna tsami.

"Wata bakwai ina gaya maka ramin ƙarya ƙurarre ne, Baban yara."

"Ƙaryar ce ta ciyar da ke wata bakwai ɗin."

"Ta ciyar. Yau kuma za a zo karɓar kwano."

Ya shiga ɗaki ya ɗauko tsohon gyalenta, ya naɗe wuyansa da shi sau uku. Ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta miƙa masa jakarsa.

"Ka dawo min da gyalena, ko da aiki ko babu."

A cikin bas ya samu wuri kusa da taga, ya jingina kai. Shekara goma sha bakwai yana akawun sito a kamfanin tayil, bai taɓa yin ƙaryar da ta wuce ta ciwon ciki ba. Sai bara aka sayar da kamfanin ga wasu baƙi. Suka zo da injuna, da injiniyoyi shida, da takarda mai sunayen waɗanda za a sallama. Sunansa ne na tara. A ranar Manaja ya tara ma'aikata a tsakar fili ya ce shi da baƙin suna fahimtar juna da yaren ofis, amma injiniyoyin yarensu kawai suke ji sosai, kuma masu kamfani suna so ma'aikata su koya. Ya tambaya ko akwai wanda ya iya.

Hannun Tafinta ya tashi da kansa.

Ba ƙarya ba ce tsagwaronta. Ya taɓa zuwa ƙasarsu yana saurayi, wata biyar yana dakon buhuna a tashar jiragen ruwa, yana kwana ɗaki ɗaya da 'yan garinsu tara. Abin da ya dawo da shi bai cika cokali ba: sannu, na gode, ƙirgen ɗaya zuwa goma, da kuma "ba ni ba ne." Da waɗannan ya gaisa da babban injiniya a gaban kowa, ya yi saurin sakin hannunsa. Aka goge sunansa daga takarda, aka ba shi ɗaki mai fanka, da allo, da ɗalibai goma sha biyu, awa ɗaya kullum bayan hutun rana. Daga ranar sunansa na yanka ya ɓace. Har 'ya'yansa Tafinta suke ce masa a bayan ido.

Kwana uku ya yi da ajin kayansa suka ƙare. A rana ta huɗu ya tsaya a gaban allo, gumi yana bin bayansa, ya kafa doka. Ya ce malami ba ya magana a aji, don bakin da ya riga ya iya ba ya buƙatar motsa jiki. Ya ce kowa ya je ya sato jimla uku daga bakin injiniyoyi kullum, ya gwada su a kan wani injiniyan, ya dawo ya ba da labarin irin fuskar da mutumin ya yi. Sai su zauna biyu-biyu su yi ta jifan juna da abin da suka sato. Duk wanda ya tambaye shi ma'anar wata kalma, amsa ɗaya ce.

"Je ka tambayi mai shi, ka dawo in ji ko ya gaya maka daidai."

In an dawo, sai ya lumshe ido ya gyaɗa kai. "Madalla."

Shi kuma ya haddace duk wata ɓarauniyar hanya ta kamfanin. Ya san lokacin da injiniyoyi suke shan shayi, ya san lungun da ke bayan injin gasa tayil. Wata bakwai bai sake haɗa ido da ɗayansu ba. Abin da ɗalibai suka kawo yakan kwafa a ɓoye cikin ƙaramin littafi, ya shiga bayi ya yi ta kallo. A wata na uku suka wuce shi. Suna hira suna dariya, shi yana gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Yau kuma wata mata ce ta taso takanas daga babban ofishin kamfani, daga can ƙasarsu, don ta ga abin da ajin ya haifa.

"Tafinta, an tashi lafiya?" mai gadi ya ce a bakin get.

"Lafiya ƙalau, Baba, ya ƙoƙari?"

Sai da ya faɗa da ƙarfi ya tuna. Ya kama gyalen ya yi ɗan tari. Iya mai shara tana gefe tana wanke bokiti. Ta ɗago ta dube shi, ta ci gaba da gurza.

Manaja ya same shi a sito wajen sha ɗaya, ya sa sabuwar riga, yana ta taɓa maɓalli.

"Mene ne wannan a wuyanka?"

Tafinta ya nuna maƙogwaro, ya yi raɗa. "Mura, ranka ya daɗe."

"Yau ka ga damar yin mura?" Manaja ya rage murya. "Ka ji ni da kyau. Matar nan ba ta dariya. Ta rufe aji biyu a wasu rassan kafin ta iso nan. In ta rufe naka, ba ni da kujerar da zan ba ka, an sa kwamfuta a inda kake zama. Kuma ni na rubuta musu cewa ƙwararre ne kai. Kada ka ja min."

Bayan ya fita, Tafinta ya shiga bayi da littafinsa. Shafi sittin da ɗaya, kalmomi a jere kamar tururuwa. Ya san da yawansu a ido. Ya gwada furta ɗaya, harshensa ya kwanta a bakinsa kamar na wani. Ya rufe littafin ya ja ruwa, don kada na waje ya yi zargi.

Ƙarfe biyu daidai ta shigo. Gajeriya ce, mai furfura, da jan biro a maƙale a aljihun rigarta. Kafin ta zauna wani a bayan aji ya riga ya raɗa mata suna: Mai Jan Biro. Manaja ya ja mata kujera ya tsaya a bayanta. Ta dubi allo, ba rubutu. Ta dubi bencina, ba littafi ko ɗaya. Ta cire biron.

Tafinta ya gaishe ta da raɗa, da sannunsa ta tashar jiragen ruwa. Ya yi saurin nuna mata ɗalibai da hannu biyu, ya koma gefen taga.

Ta fara da Mai Walda, ƙato ne mai tabon wuta a hannu. Ta yi masa tambaya a hankali, kalma-kalma, yadda ake wa yaro. Ya saurara har ta gama, ya sosa gemu, sannan ya saki baki. Magana ta yi ta zuba. Yana nuna rufi, yana kwatanta wani abu da ya fashe, yana kwaikwayon tafiyar babban injiniya. Girar matar ta ɗaga. Ta sake tambaya, wannan karon da sauri. Ya amsa da sauri. A cikin duka Tafinta ya tsinci kalma biyu, "wuta" da "jiya."

Ya lumshe ido ya gyaɗa kai.

Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Wani direba ya yi tuntuɓe a tsakiyar jimla, ya tsaya, ya ce mata wani abu yana murmushi, ta ba shi kalmar, ya ɗauka ya ci gaba kamar wanda aka miƙa wa sifana. Ba wanda ya yi shiru. Ba wanda ya dubi malami neman ceto.

Iya ce ta ƙarshe. Ta haura sittin, ba ta taɓa zama a aji ba sai wannan. Ba ta jira tambaya ba. Ta fita, ta dawo da bokitinta, ta dire shi a gaban Mai Jan Biro, ta nuna tsagewar da ke gindinsa, ta fara. Ko wanda bai ji yaren ba ya san faɗa ake yi. Ta nuna Manaja da yatsa. Ta ƙirga wani abu a hannu har biyar. Manaja, da bai fi Tafinta jin yaren ba, ya yi murmushin da bai san na mene ne ba.

Mai Jan Biro ta rufe baki da hannu. Kafaɗunta suka fara rawa. Ta yi dariya har ta cire tabarau ta share ido.

Sannan ta juyo ga Tafinta.

Ta yi magana mai tsawo, tana kallonsa cikin ido. Muryarta ta hau a ƙarshe, alamar tambaya ce. Ya ji "malami." Ya ji wata kalma da yake zaton tana shafi na arba'in. Ɗakin ya yi tsit, sai fanka da ke kukanta. A cikin kansa jimla ɗaya ce kawai ta miƙe tsaye, cikakkiya, a shirye: ba ni ba ne.

Ya kai hannu ga gyalen, ya buɗe baki don ya yi tari.

Iya ta riga shi. Ta yi magana a natse, hannunta a ƙirji, ta nuna shi, ta nuna gyalen, ta nuna bakinta ta yi alamar kulle. Ɗaliban suka gyaɗa kai gaba ɗaya. Mai Walda ya miƙe ya ƙara wani abu mai tsawo, fuskarsa ba alamar wasa, amma direban da ke gefensa ya sunkuyar da kai yana cizon leɓe. Matar ta dubi Tafinta wani irin kallo. Ta tashi, ta zo ta kama hannunsa da hannu biyu ta girgiza. Ta koma ta yi rubutu shafi guda cur.

"Na gode," ya ce da raɗa, cikin yaren. Wannan kam ya iya.

Bayan rabin awa Manaja ya kira shi ofis, fuska kamar gonar auduga.

"Ashe haka kake, ka zauna kana ɓoye kanka? Ta ce a rassa goma sha ɗaya ba ta ga ajin da ya kama ƙafar naka ba. Ta ce sauran sun cika littattafai da rubutu amma ba su iya neman ruwan sha ba. An sabunta ajin, za a ƙaro maka mutum ashirin."

Tafinta ya sauke numfashi. Ya dafa kujera.

"Saura babban. Bayan wata biyu akwai taron malamansu a can babban ofis. Mutum arba'in. Kai za ka tsaya ka yi musu bayanin hanyarka, awa ɗaya, da yarensu. Ta riga ta sa sunanka."

"Ranka ya daɗe, murar nan..."

"Murar wata biyu? Kawo min fasfo ɗinka gobe."

Ya koma ajin don ɗaukar jakarsa. Ya zaci kowa ya watse, sai ya tarar da Iya da Mai Walda zaune a ƙarƙashin fanka, bokitin a tsakaninsu. Ya yi kamar bai gan su ba. Ya ɗauki jakar, ya goge allon da ba komai a kansa, ya kai bakin ƙofa. A nan ƙafarsa ta tsaya.

"Iya," ya ce ba tare da ya juyo ba, "me kika ce mata?"

"Au, Malam bai ji ba? Ko murar ta taɓa kunne?"

"Ina so in ji ko kin faɗa daidai."

Mai Walda ya kwashe da dariya har yana dukan benci.

"Zo ka zauna, ɗan nan," Iya ta ce. Bai taɓa jin ta kira shi haka ba. Ya dawo ya zauna a bencin ɗalibai. "Ce mata na yi ka rantse ba za ka furta yarensu a gaban ɗalibi ba, don kada mu jingina da kai. Na ce gyalen nan shi ne alamar rantsuwar. Ta ce ba ta taɓa ganin malami mai haƙurinka ba."

"Mura ce fa."

"Murar da ta gaisa da mai gadi har ana ji a bayan sito?"

Ya warware gyalen a hankali ya ɗora a cinya.

"Tun yaushe?"

"Sati na biyu," Mai Walda ya ce. "Na miƙe a nan wurin, na dube ka, na ce maka da yarensu kanka ya yi kama da gindin bokitin Iya. Ka lumshe ido ka ce madalla."

"Kullum sai an zage ka sau ɗaya kafin a tashi," Iya ta ce. "Bi da bi muke yi. Ranar Talata tawa ce."

"Kuma ba wanda ya kai ƙara."

"Awa guda a zaune a ƙarƙashin fanka, cikin lokacin aiki, wa zai kai ƙara? Ga 'ya'ya biyar a gidanka." Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Ni da farko fankar na zo sha. Amma tsoron kada a ce Iya ba ta kawo jimlarta ba ya sa na tare dogon injiniyan nan a bakin famfo. Na faɗa, ya yi dariya, ya gyara min, na sake faɗa. Yanzu har hoton jikokinsa yake nuna min. Ɗana shekara shida ya yi a makaranta malami yana zuba musu yaren ofis, har yau in an tambaye shi hanya sai ya nuna da baki. Da ka iya, da haka za ka cika mu da surutu."

Tafinta ya dubi Mai Walda. "Kai kuma me ka ƙara?"

"Ni? Cewa na yi asara ce a bar mutum irinka a nan. Na ce a kai ka can ka koya wa malamansu."

"Ka kashe ni."

"Wata bakwai kana aika mu bakin kura, kai kana laɓe a bayan injin gasa tayil. An ce maka ba ma ganinka?"

"Zan ce ba ni da lafiya. Zan ce fasfo ya ɓata."

"Sai ta aiko wani ya zo ya ɗauki bayanin a bakinka," Iya ta ce. "Wannan karon ba ni a kusa." Ta miƙa hannu. "Kawo littafin."

"Wane littafi?"

"Na bayi."

Ya daɗe yana kallonta kafin ya zaro shi daga aljihu. Ta juya shi sama da ƙasa, ita da ba ta karatu, ta jefa cikin bokitin, ta ɗora tsumma a kai.

"Kwana sittin gare ka. Kalmomin suna cikinka, mun ga kana haɗiya. Baki ne bai taɓa ɗaukar kaya ba. Ga dogon can a bakin injin, shi kaɗai, yanzu ya gama shayi. Jimla uku."

"Me zan ce masa?"

"Je ka tambayi mai shi," Mai Walda ya ce, "ka dawo mu ji ko ya gaya maka daidai."

Tsakanin ajin da injin bai fi taku hamsin ba. Tafinta bai taɓa bin ta nan ba, kullum zagaye yake yi. Ya wuce tarin tayil ɗin da aka jera, ya wuce famfo. A daidai lungun da ya saba shigewa ƙafarsa ta karkata da kanta, ya dawo da ita.

Dogon injiniyan yana tsugune yana duba wata waya. Ya ɗago, ya ga wanda ke tsaye a kansa, ya miƙe da sauri yana goge hannu a wando. Ashe labarin babban malami ya riga ya iso nan.

Tafinta ya zaɓi jimla daga shafi na biyu, wadda Iya ta kawo tun watan farko: yaya aiki yau? Ya ja numfashi ya buɗe baki. Sai a lokacin ruwan ƙanƙarar ya tuna da aikinsa. Muryar ta fito a shaƙe, tana ƙara kamar tsohon ƙyaure. Amma ta fito.

Injiniyan ya karkata kai. Ya ɗan yamutsa fuska, ya maimaita jimlar a hankali, ya gyara kalmar tsakiya. Tafinta ya sake faɗa. Mutumin ya sake gyarawa. A karo na uku ya yi murmushi, ya amsa da wata doguwar magana, yana nuna wayar da ke hannunsa. Tafinta bai gane ko rabi ba. Kansa ya fara gyaɗawa da kansa, ya tsayar da shi. Ya ɗaga yatsa ɗaya, ya nemi a sake.

Da ya waiga, ashe sauran ɗaliban sun dawo, kawuna goma sha biyu ne a tagar ajin. Iya tana tsakiya. Ta lumshe ido, ta gyaɗa kai a hankali, sannan ta ɗaga masa yatsu biyu: saura jimla biyu.